Daga Marina Zuwa Dubai: Hira Kan Dogayen Gine-gine

Malam Habibu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a wannan shiri da muke kawo muku daga nan Legas. Kamar kullum ina tare da Hajiya Rabi da Injiniya Nasiru, kuma yau hirarmu a kan dogayen gine-gine take, na ƙasarmu da na sauran duniya. Injiniya, fagenka ne, don haka da kai zan fara. Wane gini ne ya fi kowanne tsawo a Najeriya?

Injiniya Nasiru: Allah ya gafarta Malam, a cikin gine-ginen da aka kammala ake kuma shiga, wanda ke kan gaba shi ne ginin NECOM da ke Marina, wanda tsofaffin mazauna Ikko suka fi sani da ginin NET ko na NITEL. An gama shi a 1979, yana da hawa 32, kuma tsawonsa mita 160 ne idan aka haɗa da hasumiyar sadarwa da ke bisa kansa. Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Marina, ko ya biyo ta tashar motar CMS, ba ya bukatar a nuna masa shi.

Hajiya Rabi: Abin da ke ɗaure mini kai ke nan, Injiniya. Ginin da aka gama tun shekarar da aka rantsar da Shagari, a ce har yanzu shi ke riƙe da kambu, a garin da kowace unguwa ka shiga sai ka ga ana zuba kankare? Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu yana da jikoki a wasu gidajen.

Injiniya Nasiru: Haka abin yake, Hajiya, kuma tarihin ya fi haka nisa. Kafin NECOM akwai Independence House mai hawa 25 kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa, wanda aka gina a daidai lokacin samun 'yancin kai. Sai Cocoa House na Ibadan da aka gama a 1965, mai hawa 26 da tsawon mita 105, wanda gwamnatin Jihar Yamma ta gina da kuɗin koko. Bayan NECOM kuma an sami hedikwatar Union Bank a Marina, mai tsawon mita 124. Idan mutum ya dubi waɗannan da kyau zai ga kowannensu yana tsaye ne a kan wani zamani na wadata: na Ibadan kuɗin noma ne, na Marina kuwa kuɗin man fetur ne na shekarun 1970. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, darajar naira ta bi shi, sannan aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, sai gwamnatin da ke iya ɗaukar nauyin irin wannan aiki ta tattara komatsanta ta bar garin.

Malam Habibu: Ta kuma bar gine-ginenta a baya ba mai kula. Duk mai wucewa ta Ikoyi yana ganin tsohuwar sakatariyar tarayya yadda ta koma kango.

Injiniya Nasiru: Akwai kuma wani abu da ya haɗa waɗancan ukun da na fara ambata, wanda za mu dawo kansa. NECOM ya yi gobara a 1983, Cocoa House ya yi tasa a 1985, har sai 1992 aka sake buɗe shi, Independence House kuma ya kama da wuta a 1993.

Malam Habibu: Kafin mu kai ga wuta, ina so in tuna wa masu sauraro cewa gini mai hawa ba da siminti ya zo mana ba. A Badagry akwai gidan da 'yan mishan suka gina a 1845 wanda ake yi wa kirari da bene na farko a Najeriya, amma mu da muka taso muna ganin sorayen Kano da Zariya mun san magina sun daɗe suna ɗora ɗaki a kan ɗaki da tubali da azara. Hasumiyar Gobarau ta Katsina tsawonta kamar mita 15 ne, da ƙasa aka gina ta, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye. A ƙasar Yaman ma akwai garin Shibam, inda gidajen ƙasa ke kaiwa hawa 5 zuwa 11. To Injiniya, me ya hana waɗannan magina su ci gaba da hawa sama?

Injiniya Nasiru: Nauyi ne ya hana su, Malam, sai kuma ƙafar ɗan Adam. A ginin ƙasa ko na dutse bango ne ke ɗauke da komai, saboda haka duk hawan da ka ƙara a sama dole ka ƙara wa bangon ƙasa kauri, har ka kai inda bangon zai cinye ɗakin. Shi ya sa babban dalar Giza ta Masar, wadda asalin tsawonta kimanin mita 146 ne, ta yi dubban shekaru ba a wuce ta ba, alhali kusan dukkanta dutse ne cunkus. Abubuwa biyu ne suka sauya lissafin a ƙarni na 19. Na farko shi ne birkin da Elisha Otis ya ƙera wa lifta, wanda ke riƙe ta ko da igiya ta tsinke, ya kuma nuna shi a bainar jama'a a New York a shekarun 1850. Na biyu shi ne ƙashin ƙarfe, wato a kafa ginshiƙai da gwangwala na ƙarfe su ɗauki nauyin, bango kuwa ya zama sutura kawai. Ginin Home Insurance na Chicago, wanda aka gama a 1885 da hawa 10, shi ake yawan lissafawa a matsayin na farko a wannan salo.

Hajiya Rabi: Hawa 10 kacal, wanda yau a Victoria Island ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi.

Injiniya Nasiru: Amma daga nan ne tseren ya soma, kuma tun farkonsa akwai wayo a ciki. A 1929 gine-gine biyu suna rige-rige a New York, ginin Chrysler da wani ginin banki a titin Wall Street. Mai zanen Chrysler ya sa aka harhaɗa wani dogon tsini na ƙarfe a ɓoye cikin ginin, ya bari abokan hamayya suka saki jiki, sannan aka zaro tsinin ta sama aka kafa, ginin ya kai mita 319. Murnar ba ta daɗe ba, domin a 1931 aka buɗe Empire State mai hawa 102 da tsawon mita 381, wanda aka gina cikin shekara ɗaya da 'yan makonni, ya kuma riƙe kambun kusan shekara 40.

Hajiya Rabi: Ni a matsayina na wadda aikinta lissafin kuɗi ne, abin da na fi riƙewa game da Empire State shi ne cewa an buɗe shi ana tsakiyar karayar tattalin arziki, ya yi shekaru yawancin ofisoshinsa babu 'yan haya. Mutane suna tuna tsawonsa, ba sa tuna wahalar da masu shi suka sha kafin ya fara mayar da kuɗi.

Malam Habibu: Wannan maganar tsini da ka kawo, Injiniya, ita ce ke rikita mutane. Wa ke yanke hukunci cewa wannan ya fi wancan tsawo?

Injiniya Nasiru: Akwai wata majalisar masana da ke Chicago wadda duniya ta amince da ma'auninta. Ƙa'idarta ita ce, tsinin da yake cikin zanen gini tun asali ana lissafa shi, eriyar da aka ɗora daga baya wadda za a iya kwancewa kuwa ba a lissafa ta. Wannan ƙa'ida ta jawo gardama mai zafi a shekarun 1990. Sears Tower na Chicago yana da mita 442, kuma rufinsa ya fi na tagwayen Petronas da ke Kuala Lumpur bisa, amma da aka lissafa tsinin Petronas sai suka kai mita 452, kambun ya bar Amurka ya koma Maleshiya a 1998. Ina so in ambaci wani mutum a nan, saboda ba a cika jin sunansa ba: Fazlur Rahman Khan, injiniya haifaffen Dhaka ta Bangaladash, wanda ya tsara ƙashin Sears. Shi ya fito da dabarar mayar da jikin gini gaba ɗaya kamar bututu mai tsauri wanda zai tokare iska, aka rage yawan ƙarfen da ake bukata, kuma kusan duk dogon ginin da ya biyo baya ya amfana da tunaninsa.

Hajiya Rabi: To a yau su waye a sama?

Injiniya Nasiru: Burj Khalifa na Dubai ne na ɗaya tun 2010, da mita 828 da hawa 163. Idan aka jera NECOM biyar, wani a kan wani, ba su cim masa ba. Na biyu shi ne Merdeka 118 na Kuala Lumpur, mai kusan mita 679. Sai Shanghai Tower na ƙasar Sin mai mita 632, sannan ginin agogo na Makka mai mita 601. Su huɗun nan ne kaɗai suka haura mita 600. Bayansu akwai Ping An na Shenzhen mai mita 599, da Lotte na Seoul mai 555, da One World Trade Center na New York mai 541.

Malam Habibu: Na Makka dai alhazanmu sun san shi ido da ido. Mutum yana ɗawafi, idan ya ɗaga kai agogon ne a samansa, kuma wanda ya ɓata hanyar masauki da shi yake gane gabas da yamma.

Hajiya Rabi: Faɗin fuskar agogon kaɗai mita 43 ne, Malam, wato ya fi benaye da yawa na Agege da Idi-Araba tsawo. Sai dai ba kowa ne ya yi farin ciki da shi ba. An rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya a 2002 kafin a sami filin, abin da ya fusata Turkiyya, kuma har yau akwai masu ganin bai dace a yi ginin da zai yi wa Ka'aba rumfa haka ba. Masu kare shi kuma suna cewa miliyoyin baƙin Allah suna bukatar wurin kwana kusa da Harami, tsofaffi da marasa lafiya ba za su iya doguwar tafiya sau biyar a yini ba. Ni dai na fi karkata ga masu cewa an wuce gona da iri a tsawon, ko da yake na san daɗin masauki na kusa.

Malam Habibu: Duk malamin da ka zauna da shi a kan wannan batu sai ya kawo maka hadisin Mala'ika Jibrilu, inda aka ambaci matalauta makiyaya marasa takalma suna gasar tsawaita gini a cikin alamomin tashin Alƙiyama. Malamai sun yi bayani a kai da yawa, kuma ba fagenmu ba ne mu yanke hukunci. Wata mas'alar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta azumi. Malaman Dubai sun ba da fatawa cewa mazauna Burj Khalifa da ke sama da hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin su sha ruwa, waɗanda ke sama da hawa na 150 kuma su ƙara minti uku, saboda suna ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa. Gida ɗaya, lokutan buɗa-baki uku.

Injiniya Nasiru: Amma a nan ne nake so masu sauraro su lura da wani abu. Daga cikin mita 828 na Burj Khalifa, kimanin mita 244 na can sama ba wanda ke zama ko aiki a ciki, ƙarfe ne da na'urori. Tsinin Merdeka 118 shi kaɗai ya kai kusan mita 160, wato daidai da NECOM tun daga ƙasa har ƙololuwa. Wannan ɓangaren ba ya kawo ko sisin haya. Ana yin sa ne domin suna.

Hajiya Rabi: Suna kuwa kuɗi ne, Injiniya, kada ka raina shi. An kashe kimanin dala biliyan ɗaya da rabi a Burj Khalifa, amma dubi abin da ya kewaye shi: kasuwar Dubai Mall, otal-otal, gidaje, da 'yan yawon buɗe ido da ke biyan kuɗi don kawai su hau su leƙo. Ginin ya ɗaga darajar duk filin da ke kusa da shi. 'Yan kasuwarmu nawa ne suka je sarin kaya suka dawo ba su ɗauki hoto a gabansa ba? Saboda haka nake cewa Legas, da yawan jama'arta da kasuwancinta, bai kamata a bar ta a baya haka ba. Dubi maƙwabtanmu a nahiyar nan.

Malam Habibu: Faɗa mana inda suka kai, Hajiya.

Hajiya Rabi: Carlton Centre na Johannesburg, mai mita 223, ya riƙe kambun Afirka tun 1973 har 2019, lokacin da Leonardo na Sandton ya wuce shi da kaɗan. Yanzu kuwa Masar ce a gaba da Iconic Tower a sabon babban birnin da suke ginawa gabas da Alƙahira, mai kusan mita 394, wanda wani kamfanin gwamnatin Sin ya gina. Maroko tana da hasumiyar Muhammad na Shida mai mita 250 kusa da Rabat, Habasha tana da hedikwatar babban bankin kasuwancinta mai mita 209 a Addis Ababa, Kenya tana da Britam mai mita 200 a Nairobi, hasumiyar babban masallacin Aljiyas kuma ta kai mita 265. Ko nan kusa da mu, Abidjan tana gina Tour F da aka tsara zai haura mita 400. Mu kuwa ko hasumiyar Millennium ta Abuja da aka fara tun 2006 ta ƙi ƙarewa.

Injiniya Nasiru: Ban musa ko ɗaya ba, Hajiya, amma ki tuna yadda Burj Khalifa ya sami sunansa. Burj Dubai ake kiransa har ranar buɗewa. Bashi ya kai wa Dubai iya wuya a 2009, Abu Dhabi ta kawo ɗauki, sai aka sa wa ginin sunan sarkinta na wancan lokaci, Sheikh Khalifa bin Zayed. Hasumiyar Jidda da aka tsara za ta haura mita 1,000 an fara ta a 2013, aiki ya tsaya a 2018 bayan an wuce hawa 60, ba a koma kai gadan-gadan ba sai 2025. A Tianjin ta ƙasar Sin akwai gini mai mita 597 da ya yi kusan shekara goma a tsaye ba a ƙarasa ba. Ita kanta Sin, wadda ke da kusan rabin gine-gine 100 mafi tsawo a duniya, ta haramta sabon ginin da zai wuce mita 500. Idan mai abu ya ce ya ƙoshi, ya kamata mai sha'awa ya tambayi dalili.

Malam Habibu: To bari mu sauko ƙasa, Injiniya, domin kai kana aikin harsashi a Lekki da Ikoyi. Ƙasar Legas za ta iya ɗaukar irin waɗannan gine-gine?

Injiniya Nasiru: Za ta iya, Malam, amma da tsada. A tsakiyar Manhattan ta New York ba ka yin nisa da haƙa za ka tarar da dutse. A tsibirin Legas kuwa yashi ne da laka da taɓo, kuma sau da yawa kafin lebura ya haƙa ramin da zai kai masa ƙirji ruwa ya fara tsattsafowa. Saboda haka ba a ɗora dogon gini a kan ƙasar da ido ke gani, sai an kafa masa turaku na kankare. Inji ne ke huda rami mai zurfin mita gommai, ana cika shi da wani ruwan yumɓu mai kauri don kada bakinsa ya rufta. Daga nan sai ƙugiya ta ɗago kejin rodi da aka ɗaure a gefe, ta zura shi a hankali, sannan a saka dogon bututu har gindin ramin a riƙa ɗura kankare daga ƙasa yana hawowa, yana turo ruwan yumɓun waje. Idan motar kankare ta maƙale a cunkoso aka sami tsaiko a tsakiyar zubi, turken na iya samun rauni a wurin da ba wanda zai taɓa gani. Shi ya sa za ka ga injiniya a tsaye da waya a kunne da tsakar dare yana neman direba. Kuma daga kowane zubi ana ɗibar samfuri a zuba a ƙananan akwatuna, a matse su a inji bayan kwana 7 da kwana 28, a ga ko sun kai ƙarfin da aka rubuta a takarda.

Hajiya Rabi: Ke nan ana iya binne kuɗi mai yawa kafin mai wucewa ya ga bulo ɗaya.

Injiniya Nasiru: Ƙwarai kuwa, ga kuma gishirin teku da ke cin rodi idan kankaren bai rufe shi da kyau ba. Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Burj Khalifa yana zaune a kan turaku 192 masu zurfin kimanin mita 50, wasu turakun Petronas kuma sun wuce mita 100. A Dubai saboda zafi da dare ake zuba kankare, ana gauraya shi da ƙanƙara. Bayan ƙasa kuma sai iska, wadda a dogon gini ta fi nauyi zama abin tsoro. Shanghai Tower an murɗa jikinsa yana hawa yana juyawa, abin da ya rage ƙarfin bugun iska da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Taipei 101 na Taiwan, mai mita 508, an rataye masa dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 a can sama, idan iska ko girgizar ƙasa ta karkata ginin gefe ɗaya, dunƙulen sai ya ja baya ya rage lilon.

Malam Habibu: Idan kuma aka yi sakaci da wannan lissafi, mun ga abin da ke biyo baya. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard na Ikoyi ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu, yawancinsu masu neman abin kai wa bakin salati. Allah ya ji ƙansu.

Hajiya Rabi: Amin. A nan kam ba ni da ja, kuma zan ƙara da abin da na sani daga ciki, tun da na yi aiki a wani ofishi da ke hawa na sama a tsibiri. Idan aka ɗauke wuta kana cikin lifta, sai ta yi tsit ta tsaya tsakanin hawa biyu, fanka ta mutu, kowa ya yi shiru yana jiran ya ji janareto ya tashi daga can ƙasa. Daƙiƙu kaɗan ne, amma mai hawan jini ya san tsawonsu. Ranar da aka ce dizal ya ƙare ko ana gyara, za ka ga manyan mutane da kwat a kafaɗa suna hutawa a kan matakala, masinja kuwa da mai kawo abinci su ne ke shan wahalar hawa da sauka. Ruwa ma haka, domin famfo ba ya kai shi sama da kansa, sai injuna sun tura shi daga tanki zuwa tanki. A ƙarshen shekara duk wannan yana fitowa a takardar kuɗin hidima, wanda a wasu gine-ginen yakan tasam ma kuɗin hayar kanta.

Injiniya Nasiru: Kin kawo mu kan maganar gobarar da na ajiye. Dogon gini inji ne da ba ya barci, kuma abincinsa lantarki. Burj Khalifa yana da lifta 57, kuma wanke gilasansa kaɗai yana ɗaukar wata uku zuwa huɗu. Game da wuta, babu tsanin motar 'yan kwana-kwana a duniya da zai kai hawa na 50. Daga ciki ake kashe gobarar dogon gini: bututun yayyafi a rufin kowane ɗaki, bututun ruwa da ke hawa tare da matakala, ƙofofin da ke tare hayaƙi, da matakala aƙalla biyu da ba a toshe ba. A nan kuwa sau nawa muke shiga bene a kasuwar Balogun mu tarar an mayar da matakalar gudun gobara sito, an jibge dilolin atamfa, an kuma sa kwaɗo? Wanda bai iya kula da hawa 10 ba, ban ga dalilin ba shi 100 ba.

Hajiya Rabi: Amma ba za ka ce a daina hawa sama ba, domin filin Legas ya ƙare. Ruwa ta kudu, ruwa ta tsakiya, jama'a kuma kullum ƙaruwa suke. Mutumin da ke kwana a Ikorodu ko Sango yana aiki a Victoria Island rabin rayuwarsa a hanya take ƙarewa.

Injiniya Nasiru: A nan bakinmu ɗaya. Inda fili ya yi tsada kamar Ikoyi da Banana Island, hawa 15 zuwa 30 lissafi ne mai kyau, kuma shi ake ta yi yanzu. Abin da ke faruwa idan aka zarce shi ne, kowane hawa da aka ƙara yana bukatar ƙarin lifta da ƙarin kaurin ginshiƙi, su kuma suna cin filin da za a ba haya a dukkan hawan da ke ƙasa, har a kai inda ƙarin tsawo asara ne. Ɗan kasuwa da kuɗinsa yakan tsaya a wannan iyaka. Wanda ke wuce ta galibi gwamnati ce ko mai neman suna. Kuma matsalar gidaje ta talaka ba hawa 80 ke warware ta ba, benaye ne masu hawa 5 zuwa 10 masu yawa, kusa da tashar jirgi da ta bas.

Malam Habibu: Duk da haka, Injiniya, wata rana dole a wuce NECOM. Daga ina kake ganin abin zai fito?

Injiniya Nasiru: Daga Eko Atlantic, Malam, filin da aka cike da yashin teku a inda Bar Beach take a da. An tsara zai kai kimanin murabba'in kilomita 10, da katangar duwatsu da kankare mai tsawon kilomita 8 da rabi da za ta tare igiyar ruwa. An riga an gama wasu benaye a can irin su Eko Pearl, Amurka tana gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta, kuma a 2025 First Bank ya aza harsashin sabuwar hedikwata mai hawa kusan 40. Abin da ya ba wurin fifiko shi ne an shimfiɗa tituna da magudanan ruwa kafin gine-gine su taso, saɓanin yadda muka saba.

Hajiya Rabi: Sai dai mazauna gaɓar teku ta wajen Lekki sun daɗe suna kukan cewa ruwan da aka tare a can su yake ci, kuma gidajen Eko Atlantic da dala ake yi musu kuɗi.

Injiniya Nasiru: Wannan koke ne da ya cancanci shiri na musamman, domin masana na ta muhawara a kansa. Amma ga duk mai sauraronmu da zai kama ofis ko gida a hawa na sama, a can ko a ko'ina, ina ba shi shawara kada ya fara da leƙa taga. Ya nemi a kai shi ɗakin janareto ya ga ko guda nawa ne, ya tambayi ranar da aka yi wa lifta gyara na ƙarshe da kuma wanda ke yi, sannan ya sauko da ƙafarsa ta matakalar gudun gobara tun daga hawan da zai zauna har waje, ya tura kowace ƙofa da hannunsa.

Malam Habibu: Hajiya, batun cin gaɓar teku da kika taɓo shi za mu ɗauka a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Injiniya, Hajiya, na gode muku. Masu sauraro, a huta lafiya.